Ƙwayar Tazarar Haihuwa Da Kwanakin Gabanin Al'ada: Kowa Da Kiwon Da Ya Karɓe Ta

 Yau ina so ne mu tattauna wani al'amari da kusan kowace mace ta san shi a jikinta, amma ba kasafai ake zama a yi maganarsa ba, wato halin da muke shiga a 'yan kwanakin nan da ke gabanin zuwan al'ada, da kuma abin da ƙwayar tazarar haihuwa take yi wa waɗannan kwanaki.

Mu a nan Taura, kamar sauran garuruwan ƙasar Ringim har zuwa Dutse, hukunci biyu ake yanke wa ƙwayar nan a tsakanin mata. Wata za ta ce miki tunda ta fara sha ta manta da ciwon mara, al'adarta sai dai ta gan ta kawai. Wata kuma za ta rantse miki cewa ƙwayar ta kusa kashe mata aure, domin ta mayar da ita mai baƙar zuciya, ko kallonta aka yi sai faɗa. To 'yar uwa, babu maƙaryaciya a cikinsu. Abin da nake so ki riƙe daga wannan rubutu shi ne, ƙwaya ɗaya ba aiki ɗaya take yi a jikin kowace mace ba, saboda haka labarin maƙwabciyarki ba zai iya yanke miki hukunci ba. Jikinki ne zai gaya miki, in kin san yadda za ki saurare shi.

Me ke faruwa kafin baƙon wata ya iso?

Ke ma kin san alamomin. Saura mako ɗaya ko kwana goma, sai ki ji mama ya yi nauyi yana zafi, ciki ya kumbura kamar kin ci wake kin ƙoshi, ƙugu ya riƙe, ƙuraje su feso a fuska. Wata kwaɗayin zaƙi ke taso mata, wata barci ne ke ƙaurace mata, wata kuwa kasala ce har surfe ya gagare ta. Mafi nauyi a ciki shi ne na zuciya: yaro ya ɓarar da ruwa ki ji kamar ki yi masa dukan kawo wuƙa, maigida ya yi maganar da a da dariya za ki yi mata, yau kuwa sai hawaye. Da jini ya sauka kwana ɗaya ko biyu, sai ki ji kamar an sauke miki dutse daga ƙirji, har ki riƙa mamakin kanki.

Likitoci sun yi bayanin dalilin. Kimanin kwana 14 kafin al'ada mace take sakin ƙwan haihuwa. Daga nan sai wasu sinadarai biyu da jiki ke sarrafawa, istrojin da furojestaron, su yi sama domin shirya mahaifa ko da ciki zai shiga. In bai shiga ba, sai su faɗo ƙasa, jini ya biyo baya. Wannan hawa da sauka shi ne ke taɓa mama da ciki da kuma ƙwaƙwalwa. Bincike ya nuna cewa matan da ke shan wahalar kwanakin nan ba wai sinadaransu sun fi na sauran mata yawa ba ne, jikinsu ne ya fi jin canjin, kamar yadda a gida ɗaya wata ke kama mura da zarar hunturu ya busa, wata kuwa ko a jikinta.

Akwai 'yan kaɗan a cikinmu da abin ke yi musu tsanani ƙwarai, har aiki ya tsaya, zaman gida ya dagule, wata ma ta ji rayuwar ta ishe ta. Wannan ciwo ne sananne, domin a shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon kundin cututtuka wanda ya sanya shi a ciki da sunansa. Abin tausayi shi ne, a garuruwanmu irin wannan baiwar Allah ita ce ake cewa tana da iska, ko an yi mata sammu, ko ba ta da tarbiyya. Yaji nawa aka yi, saki nawa aka furta a cikin waɗannan kwanaki bakwai, ba tare da mijin ko matar sun lura cewa rigimar tana da ranar zuwa da ranar tafiya ba?

Abin da na gani a gidanmu

Ni dai tun ina budurwa nake fama da ciwon mara, kuma mako guda kafin al'ada kowa a gidanmu ya san ba a tsokanata. Bayan haihuwata ta uku, yaron yana da wata bakwai, sai muka yi shawara da maigidana cewa ya kamata in huta, domin haihuwar ta zo mini kusa da kusa. Na je asibitin garinmu, malamar da ke sashen tazarar haihuwa ta auna mini jini, ta yi mini tambayoyi masu yawa, sannan ta ba ni katin ƙwaya mai suna Microgynon, mai ƙwaya 28: guda 21 masu magani, guda 7 masu ruwan ƙasa na ƙarin jini.

Watan farko da na biyu na sha tashin zuciya, na kuma riƙa ganin ɗigon jini jefi-jefi. Malamar ta riga ta gaya mini hakan na iya faruwa, ta ce in ba jikina wata uku. A wata na uku kuwa ciwon marar da na sani shekara da shekaru ya ragu ƙwarai, nauyin mama ya yi sauƙi, zafin zuciyar ma ya lafa. Abu guda ne ya rage mini, ciwon kai mai ɗan nauyi a makon da nake shan masu ruwan ƙasan nan.

Ƙanwata da ke aure a Dutse, uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ma irin wannan katin aka ba ta. Ba ta rufe wata biyu ba ta kira ni tana kuka, ta ce, "Yaya, ni ban san abin da ke damuna ba, Baban yara bai yi mini komai ba, amma ko sallamarsa na ji sai raina ya ɓaci." Ita daman ta taɓa shiga matsananciyar damuwa bayan haihuwarta ta fari. Na ce mata ta koma wurin wadda ta ba ta ƙwayar ta faɗa mata wannan tarihin. Da ta koma aka canja mata wata hanyar, cikin 'yan makonni ta dawo yadda muka san ta. Akwai kuma matar wan maigidana, wadda ta shekara biyu tana sha, in ka tambaye ta sai ta ce ita ba ta ga wani canji ba, yadda take ji a da haka take ji yanzu.

Daga baya ne na karanta cewa abin da ya faru da mu uku shi ne kusan abin da masu bincike suka gano. A shekarar 2003 wasu likitoci na jami'ar Harvard da ke Amurka sun wallafa bincike a kan mata 658 da suka sha ƙwayar. Kimanin kashi 16 cikin 100 sun ce halin zuciyarsu gabanin al'ada ya ƙara muni, kimanin kashi 12 sun ce ya yi sauƙi, sauran kuwa, fiye da kashi 70, ba su ga bambanci ba. Waɗanda suka taɓa yin ciwon damuwa su ne suka fi shiga sahun farko, irin su ƙanwata. Waɗanda suka fara fama da kwanakin tun suna yara tare da ciwon mara su ne suka fi samun sauƙi, irina ke nan. Wani babban bincike da aka yi a ƙasar Denmak, aka wallafa a 2016, ya bi mata sama da miliyan ɗaya, ya kuma gano cewa masu amfani da magungunan tazarar haihuwa na sinadari sun ɗan fi sauran komawa shan maganin damuwa, musamman masu ƙananan shekaru. Wannan ya shafe mu sosai, mu da ake aurar da 'ya'yanmu da wuri.

Yaya ƙwayar take aiki?

Ƙwayar da aka fi bayarwa tana ɗauke da kwatankwacin sinadaran nan biyu, kuma babban aikinta shi ne hana sakin ƙwai. In ba a saki ƙwai ba, hawa da saukar nan ta wata-wata ba za ta faru yadda ta saba ba. Shi ya sa mata da yawa ke samun sauƙin ciwon mara, jinin ma ya ragu, wanda alheri ne ga mai ƙarancin jini. Amma kuma ita kanta ƙwayar sinadari ce da take shiga jiki kullum, to mai jikin da ba ya jituwa da irin wanda ke cikinta, maimakon kwana bakwai na ƙunci sai ta samu wata guda cur.

Sai batun makon hutu. Tun da aka fara amincewa da ƙwayar a Amurka a 1960, an tsara ta ne a sha ta mako uku a huta mako ɗaya, domin jini ya zo kamar yadda mace ta saba gani. A wannan makon sinadarin yana faɗuwa a jiki, shi ya sa wasu ke jin ciwon kai da ciwon mara da kumburi a daidai lokacin, kamar yadda ya faru da ni. Saboda haka aka fito da wasu nau'o'in masu gajeren hutu. A 2006 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata mai suna Yaz, mai ƙwaya 24 masu magani da 4 na hutu, domin matan da ke da matsanancin ciwon gabanin al'ada kuma suke son tazarar haihuwa. Sinadarin cikinta yana rage taruwar ruwa a jiki, don haka kumburin ciki kan yi sauƙi. A 2019 kuma ƙwararrun wannan fanni a Ingila suka fitar da jagora da ke cewa hutun kwana bakwan nan ba shi da wani amfani ga lafiya, likita na iya gajarta shi ga wadda yake wahalarwa. Ki lura da kyau, na ce likita. Kada ki karanta wannan ki tsallake ƙwayoyi da kanki.

Wa bai kamata ta sha ba?

A nan ne nake roƙon ki natsu, domin maganar ta wuce ta fushi da kuka, ta kai ga rai. Ƙwaya mai sinadari biyu tana ɗan ƙara haɗarin daskarewar jini a cikin jijiya. Alƙaluman da hukumar magunguna ta Turai ta fitar a 2013 sun nuna cewa a cikin mata 10,000 da ba sa sha kuma ba su da ciki, kimanin 2 ne ke gamuwa da wannan a shekara. Masu shan irin su Microgynon 5 zuwa 7 ne, masu shan irin su Yaz kuwa 9 zuwa 12. Adadin ba shi da yawa, hasali ma haɗarin ya fi haka a makonnin jego, amma ga wasu mata ya isa a ce su nemi wata hanyar.

Mai hawan jini, da mai ciwon ɓarin kai wanda kafin ya zo take ganin walƙiya ko duhu-duhu a idonta, da wadda ta taɓa samun gudan jini a ƙafa ko shanyewar ɓarin jiki, da mai sankarar mama ko ciwon hanta mai tsanani, da mai shan taba da ta kai shekara 35, duk wannan ƙwayar ba tasu ba ce. Mai jego ma ba a ba ta kafin ta yi mako shida, kuma in tana shayarwa an fi so ta kai wata shida. Ga mai shayarwa akwai ƙwaya mai sinadari ɗaya, irin su Microlut, wadda ake sha a lokaci ɗaya kullum, in an makara fiye da awa uku ƙarfinta na raguwa. Ita wannan ba kullum take hana sakin ƙwai ba, don haka kada ki sa ran za ta yi miki maganin kwanakin gabanin al'ada. Haka kuma mai shan maganin tarin fuka ko wasu magungunan farfaɗiya dole ta faɗa, domin suna rage ƙarfin ƙwayar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake sayen ƙwayar kamar alewa. Na san wata baiwar Allah a unguwarmu mai hawan jini tun cikinta na biyar, ta aiki yaro wani kemis ya karɓo mata kati don ta ji ana cewa yana maganin ciwon mara. Mai kemis ɗin bai tambayi ko wacece mai sha ba, balle a yi zancen awon jini. Allah Ya taƙaita, ciwon kai ne ya matsa mata ta je asibiti aka tsayar da ita. Alhali tun 2011 gwamnatin tarayya ta ayyana kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati, kuma a can ne za a auna ki a tambaye ki tarihinki. Wadda za ta iya shirya tafiya kasuwar Gujungu don sayen atamfa, ai zuwa asibiti na rabin yini ba zai gagare ta ba.

In kina sha kika ji ciwon ƙirji ko numfashi na sarƙewa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ciwon kai mai tsanani irin wanda ba ki saba ji ba, ko ganinki ya canja, to ki daina sha a kai ki asibiti a ranar, ba sai an jira gari ya waye ba.

Ki san watanki

Shawarar da ta fi yi mini amfani ba ta buƙatar ko sisi. Ki samu kalandar bango ko littafin yara da ya ragu, ki riƙa sa alama kullum da daddare har tsawon wata biyu. In ba ki rubutun boko, ki yi da ajami ko ki ja layi kawai: layi ɗaya ranar da kike lafiya, biyu ranar da jiki ko zuciya suka ɗan motsa, uku ranar da abin ya yi tsanani, sannan ki zagaye ranakun jini. Su kansu likitoci irin wannan lissafi na wata biyu suke nema kafin su tabbatar da ciwon. In layukan uku-uku sun taru ne gabanin al'ada suka watse bayan ta zo, to kin gane abokin gabarki. In kuwa sun bazu ko'ina a cikin watan, to akwai wata damuwar daban da ya kamata a duba.

Da kin fara shan ƙwaya ki ci gaba da sa alamar wata uku, sai ki kwatanta. Da wannan takarda a hannunki, malamar asibiti ba za ta yi miki ƙiyasi ba, za ta ga abin da ya ƙaru da abin da ya ragu, ta bar ki a kanta, ko ta canja miki wani nau'in, ko ta koma da ke wata hanyar. Sai dai in ƙuncin ya kai kina jin gara mutuwa, ko kina tsoron abin da za ki yi wa kanki ko yaranki, wannan ba ya jiran wata uku. Ki faɗa wa wanda kika amince da shi a kai ki ga likita, ko a Ringim ko a Dutse, domin akwai magungunan damuwa da aka tabbatar suna aiki sosai a kan wannan ciwon.

Wadda kuma ba ta son ƙwaya ko ba ta dace da ita ba, akwai abubuwan da likitoci kan ba da shawara: motsa jiki, isasshen barci, rage gishiri da dunƙulen miya a makon, rage goro da shayi mai kauri, da yawaita abinci mai ƙara ƙarfin ƙashi kamar nono da zogale, waɗanda Allah Ya wadata mu da su.

Salla da azumi fa?

Tambayar da ta fi damun mu ita ce ta ɗigon jinin nan na watannin farko. Mun karanta a Ahalari cewa mafi tsawon haila kwana 15 ne, kuma mai sababbiyar al'ada in jini ya zarce mata tana ƙara kwana uku a kan kwanakinta matuƙar ba ta wuce 15 ba. Amma ɗigon da ke zuwa yau ya ɗauke gobe yana buƙatar ki zauna da malamarki ta Islamiyya ki yi mata bayani dalla-dalla, kuma a nan ma kalandar nan za ta taimake ki. Ki kuma lura, katin ƙwaya kwana 28 ne, watan Musulunci kuwa 29 ko 30, don haka mai lissafi da kwanan wata za ta ga jininta yana matsowa da kwana ɗaya ko biyu duk wata. Wannan ba ciwo ba ne. Masu neman ƙwaya don ɗaga al'ada saboda azumi ko aikin Hajji su ma duk gargaɗin da na ambata a sama ya hau kansu. Kada kunya ta hana ki tambaya, domin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina a kan cewa kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba.

Daga ƙarshe, uwargida, ki sa maigida a cikin maganar. Ki zaɓi ranar da kike cikin walwala, ba ranar rigima ba, ki nuna masa kalandar ki ce, "Malam, ka ga kwanakin nan, in sun zo ka riƙa yi mini uzuri." Namijin da ya san abin da ke tafe ya fi iya haƙuri da shi, kuma shi ne zai fara lura in ƙwayar ta canja ki. Ke kuma in kin ga abokiyar zamanki ko surukarki ko 'yarki ta shiga irin wannan hali, kafin ki ce ba ta da kunya, ki tambaye ta saura kwana nawa. Ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, Ya raya mana zuri'a.